Hazon da Malam Kyauta Ya Zuba a Tabarau

A maɗaba'ar da yake aiki, ɗakinsa yana ƙarƙashin matakalar bene, inda a da ake ajiye tsintsiya da bokiti. Tebur ɗaya, kujera ɗaya, fanka mai gurnani, sai matattun kwamfutoci da aka jingine a bango ana jiran ranar da za a ciri wani abu a jikinsu. Shekara ashirin da biyu yana zaune a wurin, kuma a duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa leƙo ƙofarsa don ya ce masa ina kwana kawai. Sai na'urar buga takardu ta cije, ko kwamfutar sakatariya ta ƙi tashi, sannan za ka ji an ƙwala kira daga sama.

"Malam Kyauta! Zo ka duba mana abin nan!"

Ya hau, ya gyara, a ce masa an gode ba tare da an ɗago kai ba, ya sauko.

Abokan aiki ne suka laƙaba masa Kyauta, har sunansa na yanka ya ɓace. Dalili kuwa, in ya tashi daga aiki da yamma, ko ranar da ba a fita, ba ya da wata sabga sai rubuta 'yan ƙananan manhajoji na kwamfutar gida. Ya yi wasan karta, ya yi wasan jera tubali, ya yi wata mai share tarkacen da ke cushe kwamfuta, ya yi mai tuna wa mutum lokacin shan magani. Duk wadda ya gama sai ya ɗora ta a shafinsa na intanet, wanda yake so ya sauke, ko sisi ba ya karɓa. Direban kamfanin, wanda bakinsa ba ya shiru, yakan ce, "Kai dai Allah ya shirye ka. Mutum ya iya abin da ake saye da tsada, ya tsaya yana rabawa kamar ruwan famfo." Malam Kyauta ya yi murmushi ya wuce, don bai taɓa samun amsar wasa a kan lokaci ba. Sai ya kai gida take zuwa masa.

Ya taɓa aure, shekara uku. Ba faɗa ba tashin hankali matar ta tattara kayanta. Abin da ta gaya wa yayarsa ke nan: "Yaya, ba ya duka, ba ya zagi, ba ya rowa. Amma zama da shi kamar zama da firji ne, yana aikinsa yana ɗan gunjinsa, in kin yi masa magana ba amsa." Yayar ta yi dariya har da hawaye, daga baya ta zo ta wanke shi tas. Ita ma dai yanzu ba ta kiransa sai wayarta ta cika ta ƙi ɗaukar hoto.

A cikin duk abin da ya rubuta, wadda ya fi ji da ita ita ce Tabarau. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, aikin ya cinye masa ido, har ya kai ba ya iya karanta ko babban kanun jarida. Shi ne ɗan ya zauna ya haɗa masa manhajar da ke ƙara girman haruffa a allon kwamfuta, ta kaurara su, ta bi layi a hankali. Wata biyar tsohon ya yi yana karatu da ita, yana cewa, "Kai, ashe kana da amfani," sannan Allah ya karɓi abinsa. Bayan an share makoki Malam Kyauta ya ɗora Tabarau a shafinsa, ya rubuta a ƙasa: wanda ya ga matsala ya rubuto mini. Ya sa adireshinsa na imel. Mutane suka yi ta saukewa, ba wanda ya ce uffan.

Sai wata safiya, bayan kusan shekara, saƙo ya shigo.

"Matsala ta 1. Idan na ƙara girman rubutu sau shida, layin ƙarshe yana yankewa. A gyara. Bayan haka, ni tsohuwar malamar lissafi ce, shekara talatin da huɗu na yi ina riƙe alli. Yanzu duk duniya hazo ce a idona, fuskar 'yata ma sai dai in gane ta da murya. Allon kwamfutar nan ne kaɗai wurin da nake gani tar, kuma kai ne sila. Allah ya jiƙan iyayenka."

Sau nawa ya karanta, shi ma bai sani ba. A ranar ya gyara, ya amsa mata: "An gyara, Malama. A sauke sabuwar." Iyakar abin da ya rubuta ke nan.

Daga nan hanya ta buɗe. Malama mace ce mai idon jan biro, ko da idon ya tafi. Ba ta bari ko ɗigo ya wuce ta. Matsala ta 9, farin allo yana kashe mata ido, tana son rubutu ruwan ɗorawa a kan baƙi. Ya yi mata shi musamman. Matsala ta 23, kibiyar linzamin kwamfuta tana ɓacewa a kusurwar allo. Matsala ta 40 ma ba ta Tabarau ba ce, ta wasan kartarsa ce: "Ɗana, wasan nan naka yana maguɗi. Sau goma sha ɗaya na buga, sau goma sha ɗaya ya cinye ni. Ni na koyar da lissafin sa'a da rashinta, ba za a yi mini wayo ba." Ya duba, ya tarar da gaskiyarta, wurin gauraya kartar akwai kuskure. Ranar ya yi dariya shi kaɗai a ƙarƙashin bene, har sakatariya ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

Amma ba matsalolin yake jira ba. Abin da yake jira shi ne kalmomin nan biyu da ke zuwa bayansu: bayan haka. A nan Malama take kwance jakarta. Bayan haka, gwiwata ta hana ni sauka ƙasa yau. Bayan haka, kyanwar maƙwabta ta haihu a cikin kwandon wankina, 'ya'ya huɗu, an ce ɗaya baƙi ne. Bayan haka, 'yata ma'aikaciyar jinya ce, tana fita tun da sassafe, in ta dawo ba ta da sauran baki. Bayan haka, akwai wani fure a tukunya a barandata, marigayi maigidana ne ya dasa, shekara uku ke nan ya ƙi buɗewa, ni kuma na ƙi daina ba shi ruwa, za mu ga wanda ya fi taurin kai.

Kowane saƙo sai ya buga shi a takarda, ya huda, ya sa a wani koren fayil da yake ajiyewa a aljihun tebur. Ya san sunayen magungunanta, ya san ranar da take kewar mijinta. Sau da yawa yakan fara rubuta mata nasa labarin, ya yi layi biyar, shida, sai kunya ta kama shi kamar an tsaya a kansa ana karantawa, ya goge duka. A ƙarshe abin da ke tafiya dai shi ne: an gyara, Malama, a sauke sabuwar.

Haka suka yi shekara shida. Matsalar mai gyara na ƙwarai ita ce gyaransa yana ƙarewa. Tazarar saƙonnin ta fara tsawo, daga mako zuwa mako uku, zuwa wata. Sannan, bayan matsala ta 112, wannan saƙon ya zo.

"Ɗana, na yi mako biyar ina farautar matsala, ban samu ko ɗaya ba. Ka ci jarrabawa, ɗari bisa ɗari, kuma ni ban taɓa ba ɗalibi ɗari ba. Na san na cika ka da surutu shekara da shekaru, kai kuma mutum ne mai aiki da yawa, amsarka ma ta nuna. Ba zan ƙara damunka ba. Allah ya yi maka albarka."

Ya amsa, "Na gode, Malama." Ya daɗe yana kallon kalmomin nan uku kafin ya aika, ya san ba su isa ba, amma ya aika.

Shiru ya sauka. Wanda bai taɓa samun mai yi masa hira ba, shiru ba ya damunsa. Wanda ya samu ya rasa, shi ne ke jin nauyinsa. Malam Kyauta ya shiga kewa irin wadda bai yi ba ko lokacin da matarsa ta tafi. Da safe kafin ya ajiye jaka zai buɗe akwatin saƙo, ba komai sai tallace-tallace. Ya dafa shayi, ya manta da shi har ya huce. In ya koma gida ya buɗe wasan kartarsa, ya buga da kwamfuta, ya ci ko a cinye shi, duk ɗaya ne.

Abu ɗaya ya rage masa. Duk lokacin da aka buɗe Tabarau, takan leƙa shafinsa ta duba ko akwai sabuwa, in akwai ta sauko da ita da kanta. Don haka yana ganin jerin kwamfutocin da suka leƙo kowace rana, ba suna, sai irin tsarin da kowa ya zaɓa. A cikinsu guda ɗaya ce tak mai rubutu ruwan ɗorawa a kan baƙi, girma sau shida. Kullum wajen ƙarfe bakwai na safe take bayyana. Malama tana nan da ranta, tana karatunta, tana buga kartarta. Ba ta dai da dalilin rubuto masa.

Kowane mai hankali zai ce, to, shi ya rubuta mata mana. Ya ce Malama ya gwiwa, ya furen nan mai taurin kai? Minti ɗaya ya isa. Amma wannan mutum ne da tun da ya girma ba a taɓa nemansa sai wani abu ya lalace ba, har ya yarda a ransa cewa haka mu'amala take. Ba ya iya shiga ɗakin kowa hannu rabbana, sai da sukurdireba. Da kewar ta kai masa wuya, bayan wata biyu, dabarar da ta zo masa irin tasa ce, kuma muguwar dabara ce.

Wata Asabar da rana ya buɗe Tabarau ya ƙara mata layi tara. Aikinsu shi ne su sa gefen haruffa ya ɗan dushe, kaɗan yau, gobe ya ɗan ƙaru, jibi ya ƙaru a kan na gobe. Ya ɗaure abin yadda ba zai taɓa kowa ba sai mai rubutu ruwan ɗorawa a kan baƙi, girma sau shida. Yana rubutawa yana lallashin kansa. Ai ba wani abu ba ne. Matar da ta kama kuskuren gauraya karta, kwana biyu ya yi yawa ta gano wannan. Za ta rubuto ta ce matsala ta 113, ta yi masa tsiya a kan ɗari bisa ɗarinsa, ta ce bayan haka, shi kuma ya cire a minti biyu. Ya ɗora sabuwar, ya tashi ya wanke kwanonin da suka kwana biyu a wurin wanke-wanke, har yana ɗan fito.

Washegari ƙarfe bakwai kwamfutarta ta leƙo, ta ɗauka.

Kwana uku, shiru. Ya ce ai hazon bai yi kauri ba tukuna. Kwana bakwai, shiru. Ya ce ko tana tattara bayani ne, ita ba ta rubuta abu sai ta tabbatar. Kwana goma ya fara shan jinin jikinsa, ya kai hannu zai cire, sai ya ce bari dai a ƙara kwana ɗaya, yanzu kam dole ta gani. A rana ta goma sha uku ƙarfe bakwai ta yi, takwas ta yi, kwamfutar ba ta leƙo ba. Washegari ma haka. Ya ce shi ke nan, ta yi fushi ta samu wata manhajar, kuma abin da ya dace da shi ke nan. Ko sau ɗaya tunaninsa bai je inda gaskiyar take ba.

Rana ta goma sha tara, da hantsi, yana ƙarƙashin bene yana kwance wata kwamfuta, saƙo ya shigo daga adireshinta. Ya ture aikin gefe da murna. Ya goge hannu a wando ya buɗe. Ba lamba a sama.

"Malam, ni 'yar tsohuwar malamar lissafi ce. Mama ce ta ce in rubuto in yi maka sallama a madadinta. Idonta ya ƙarasa. Dama likita ya daɗe da gaya mata wata rana ɗan ganin da ya rage zai tafi. Tun mako biyu da suka wuce rubutu ya fara yi mata dishi-dishi a allo, kullum yana ƙaruwa. Na ce Mama ko kwamfutar ce, bari in duba. Ta ce in bar mata kayanta, shekara shida ita da kai kuka yi kuna tace manhajar nan, babu sauran matsala a cikinta, ta sa hannu a kan haka. Idonta ne. Ta ƙi komawa asibiti, wai ba za ta hau mota a je a gaya mata abin da ta riga ta sani ba. Ta lulluɓe kwamfutar da zane. Ba ta cin abincin kirki, yini take a baranda, wani lokaci in tarar tana kuka. Ta ce in gode maka, ka ƙara mata shekara shida na karatu. Ta ce kuma in gaya maka furen ya buɗe, ita dai ƙamshinsa ta ji."

Daga sama aka ƙwala kira. "Malam Kyauta! Na'urar nan ta sake cijewa!"

Bai motsa ba. Aka sake kira, aka buga ƙafa a matakala ƙura ta zubo masa a tebur, bai amsa ba, karo na farko a shekara ashirin da biyu. Ya tuna mahaifinsa yana kanne ido a kan jarida, yana matso da ita yana nesanta ta. Ya san tsoron nan, a gidansu ya gan shi. Shi ne ya ɗauke shi da hannunsa ya kai wa tsohuwar da ta yarda da shi fiye da yadda ta yarda da idonta, ya bar ta da shi kwana goma sha tara.

Cire layi taran bai kai minti biyu ba, kamar yadda ya yi lissafi. Saƙon ne ya tsaya masa. Ya rubuta: "An samu wata matsala a sabuwar Tabarau, ba idon Malama ba ne. An gyara, a kunna." Ya zauna yana kallonsa. Duk kalmar da ke ciki gaskiya ce. Tsohuwa za ta yi murna, za ta sa masa albarka, za ta ma dawo da farautarta tun da an ga manhajar tana iya kuskure, saƙonni su ci gaba da zuwa har da bayan hakansu. Abin da ya nema ke nan tun farko, ga shi a tafin hannunsa, kuma ba mahaluƙin da zai taɓa sani. Ya ɗora yatsa zai aika. Sai ya hango kansa yana huda takarda ta gaba yana sa ta a koren fayil, yana karanta albarkar da za ta sa masa, ya ji ba zai iya haɗiye ta ba.

Ya goge, ya sake rubutawa.

"Ƙanwata, don Allah ki karanta wa Malama wannan yadda yake, kada ki rage komai. Idonta lafiya lau, yana nan yadda yake. Ni ne na zuba hazon a Tabarau da gangan, a tata ita kaɗai. Na yi haka ne don ta daina rubuto mini, ni kuma ba ni da wani mai rubuto mini, ban kuma san yadda ake roƙon mutum ya yi magana ba. Na cire. Ki yaye zanen ki kunna mata. Ban ce ta yafe mini ba."

Ya aika, ya hau sama ya zare takardar da ta maƙale a na'ura. Sakatariya ta dube shi ta ce, "Malam Kyauta, mura kake yi?" Ya ce eh.

Washegari tun kafin bakwai yana gaban allo. Bakwai da minti goma, ga ta nan a jeri, ruwan ɗorawa a kan baƙi, girma sau shida. Ya kifa kai a tebur ya yi hamdala. Amma saƙo bai zo ba ranar, bai zo ba washegari. Sai a rana ta huɗu.

"Matsala ta 113. Ta gyaru. Ina gani."

Ya ja shafin ƙasa, ya sake ja. Babu ɗana, babu bayan haka. Ya buga shi duk da haka, takardar ta fito kusan fara fat, ya huda ta ya sa a kan 'yan uwanta. Bai ga laifinta ba ko kaɗan, kuma hakan bai rage masa zafin ba.

Ya daɗe zaune, fanka tana gurnani. Babu abin gyara, babu sabuwar da za a sauke, ba shi da wata hujjar taɓa ƙofarta. Ya buɗe sabon saƙo, ya ƙara girman haruffan yadda za su yi mata daɗin karatu, ya rubuta: "Bayan haka, Malama, ɗakin da nake aiki yana ƙarƙashin matakalar bene, ba taga. Mahaifina mai gyaran agogo ne, don shi na yi Tabarau." Kunyar nan ta zo kamar kullum ta tsaya a kansa. Ya bar ta a tsaye ya ci gaba, ya ba ta labarin firji, da direba, da shayin da ke hucewa, ya tambayi gwiwa, ya tambayi launin furen in 'yarta ta gaya mata. Wannan karon bai goge ba.

Yau mako uku ke nan da aikawa. Kullum ƙarfe bakwai kwamfutarta tana leƙowa, don haka ya san ta karanta. Duk Asabar yana rubuta mata wani, yana farawa da kalmomin nan biyu nata, ya buga kwafinsa ya sa a koren fayil, a bayan farar takardar.